Tambaya kan ranar Galibier: yaya zangon Saint-Michel zuwa Briançon yake ga wanda bai saba da hawan dutse ba?

Ɗan Maraɗi a Lille ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa ratsa tsaunukan Alps a kan keke, musamman waɗanda suka yi tafiyar cikin ayari mai jagora da motar rakiya. Ina karatu a Lille da ke arewacin Faransa, kuma na yi rajista da wani kamfanin shirya irin waɗannan tafiye-tafiye domin bin hanyar da ake kira Route des Grandes Alpes a watan Yuli mai zuwa. Hanyar tana tashi daga Thonon-les-Bains a bakin tafkin Geneva, ta nufi kudu tana tsallake mashigan duwatsu ɗaya bayan ɗaya har ta kai gabar Bahar Rum, tsawonta kimanin kilomita 700, kuma an tsara mana kammala ta cikin mako guda.

Da na duba takardar tsarin tafiyar da suka aiko mini, zango ɗaya ne ya tsaya mini a rai, wato wanda ya faɗo a tsakiyar makon. Za mu tashi daga Saint-Michel-de-Maurienne, mu hau Col du Télégraphe (kalmar Col a Faransanci tana nufin mashigar dutse), mu sauka Valloire, mu hau Col du Galibier, sannan mu gangara ta Col du Lautaret zuwa Briançon inda za mu kwana. Nisan bai wuce kimanin kilomita 70 ba, wanda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ya ba ni tsoro, domin a ƙarshen mako nakan yi fiye da haka ba tare da na galabaita ba. Abin da ke damuna shi ne an rubuta cewa jimillar hawan ranar ta haura mita 2,000, alhali tudun da ya fi kowane tsayi a inda nake atisaye, wato na garin Cassel, ko mita 200 bai kai ba.

Ina roƙon wanda ya san wannan zango ya bayyana mini yadda yinin yake gudana tun daga safe har zuwa masauki. Ina so in san inda wahalar take da gaske, da abin da ake yi wa mutumin da ayari ya bari a baya, da kuma ko tsayin wurin yana taɓa numfashin wanda ya taso a ƙasa mai faɗi kamar tamu. Allah ya saka da alheri.

Baban Hadiza (Lyon) ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na bi wannan zango cikin ayari irin wanda ka ambata, kuma zan faɗa maka yadda yinin yake tafiya, ko da yake kowane kamfani yana da ɗan bambanci a tsarinsa.

Ana karya kumallo wajen ƙarfe bakwai, kowa ya sauko da jakarsa a loda a mota, sannan jagora ya tara jama'a ya yi bayanin hanya. Zai faɗi wuraren da motar za ta tsaya da ruwa da abinci, da abin da hasashen yanayi ya nuna, da kuma lokacin da yake so na ƙarshe a cikinku ya kasance ya tsallake ƙololuwar Galibier. Wannan lokacin da ya yanke ka riƙe shi da kyau, domin a kansa ne duk lissafin yininka zai rataya. Akan tashi wajen ƙarfe takwas, kuma ka sani cewa babu wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da za ka motsa jini a kanta tukuna: da zarar ka tsallake gadar kogin Arc a cikin garin Saint-Michel, hawa ya fara.

Garin yana kan tsayin mita 712 daga matakin teku, Télégraphe kuma yana kan mita 1,566, tsakaninsu kusan kilomita 12. Matsakaicin tsinin hanyar ya ɗan haura kashi 7 cikin ɗari, ma'ana a kowace mita ɗari da ka yi gaba ka ɗaga sama da mita bakwai. Titin yana da faɗi da kyau, yana lanƙwasa cikin daji mai inuwa, kuma a kowace kilomita akwai alama a gefen hanya da ke gaya maka tsayin da kake kai, da abin da ya rage, da tsinin kilomitar da ke gabanka. A ganina nan ne ake ɓata yinin ko a gyara shi, tun ba a hango Galibier ba. Safiya ce, iska tana da daɗi, ƙafa ba ta gaji ba, sai ka ga masu ƙarfi a cikin ayari sun ja gaba, zuciya kuma ta ce maka ka bi su don kada a raina ka. Kada ka bi su. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yi wa na kusa da kai magana cikakkiya ba tare da haki ya katse ta ba, to ka wuce gejinka, sai ka sauya giyar kekenka zuwa mai laushi ka rage. Ƙarfin da ka ƙona a Télégraphe don ka riga wani da minti goma, a kilomita takwas na ƙarshen Galibier za a bi ka bashinsa, kuma a can ba ka da abin biya. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa, kuma ban san wurin da maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan dajin ba.

Daga Télégraphe akwai gangara ta kimanin kilomita biyar zuwa Valloire. Ka cika gorunanka a nan, ka ci wani abu, amma kada ka zauna har jikinka ya huce, domin fitar garin kanta tana da tsini sosai har zuwa unguwar Les Verneys, kuma ƙafar da ta yi sanyi tana jin jiki a wurin. Daga Valloire zuwa ƙololuwa kimanin kilomita 18 ne, da hawan da ya kai mita 1,200. Bayan Les Verneys hanya takan sassauta, ta bi kwarin rafin Valloirette, itatuwa su riƙa raguwa har su ƙare, ka shiga fili mai ciyawa da manyan duwatsu a dama da hagu. Wannan yanki yana yaudarar ido. Saboda girman tsaunukan da ke kewaye, sai ka ga kamar titin a kwance yake, ka yi ta mamakin abin da ya sa keken ya yi nauyi, har wasu su tsaya suna duba ko taya ta sace ko birki ne ke gogawa. Hawa kake yi, kuma alamomin gefen hanya za su tabbatar maka.

Za ka isa Plan Lachat, a tsayin da ya kusa mita 2,000, inda motocin rakiya suka saba jira. Ka tsaya a nan ko da kana jin ƙarfi, ka ci, ka sha, ka karɓi rigar sanyinka daga mota idan ba ta jikinka. Daga nan titin yana karya kwana zuwa dama, ya tsallake rafi, ya fara kama jikin dutsen kai tsaye, kuma kilomita takwas ɗin da suka rage matsakaicinsu ya haura kashi 8 cikin ɗari ba tare da wani wurin hutawa na kirki ba. A kan hanya za ka wuce 'yan gidajen makiyaya na Les Granges, inda aka kafa alamar tunawa da ɗan tseren Italiya Marco Pantani, wanda ya tsere wa abokan karawarsa a wannan dutse cikin ruwan sama a gasar Tour de France ta 1998. Ko a watan Yuli kana iya ganin ragowar dusar ƙanƙara a lungunan da rana ba ta kaiwa. A tsayin mita 2,556 akwai hanyar da aka huda ta cikin dutsen, amma ta motoci ce, an hana masu keke shiga, don haka dole ka bi kilomitar ƙarshe ta sama, wadda tana cikin mafi tsini a duk hawan, har ka kai mita 2,642.

Don ka kwatanta da abin da ka sani, dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijar, Idoukal-n-Taghès da ke tsaunukan Bagzan a yankin Ayar, mita 2,022 ne, na Najeriya kuma, Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419 ne. Titin Galibier ya ɗara su duka. Can sama fili ne ƙarami da allo mai sunan wurin, inda mutane ke layin ɗaukar hoto, kuma nan ne iyakar lardin Savoie da na Hautes-Alpes. Idan sarari ya washe za ka ga tsaunukan Écrins da ƙanƙararsu ta kudu, ta arewa kuma kana iya hango Mont Blanc. Ni dai duk lokacin da na tuna cewa tun 1911 gasar Tour de France ta fara bi ta nan, a kan hanyar tsakuwa da kekuna masu nauyi marasa giyar sauyawa, kuma Émile Georget ne ya fara kaiwa sama a ranar, sai girman abin da mutanen suka yi ya ƙara kama ni.

Game da lokaci, mahayi matsakaici da ba ɗan gasa ba yakan hau mita 500 zuwa 700 a sa'a guda a irin wannan hanya. Ka lissafa sa'a ɗaya da rabi ga Télégraphe, sa'o'i biyu zuwa biyu da rabi daga Valloire zuwa sama, ka ƙara tsaye-tsaye, za ka ga kana kan ƙololuwa wajen ƙarfe ɗaya na rana. Ayari ba ya tafiya a dunƙule a kan hawa, kowa da takunsa, kuma a tsari mai kyau akwai jagora ko mota da ke bayan mutum na ƙarshe, saboda haka ba za a manta da kai a dutse ba.

Maman Sadiƙ (Grenoble) ta amsa:

Sannunku. Yaya Baban Hadiza ya yi bayanin hawan yadda ya kamata, sai dai ina ganin ya tsaya a ƙololuwa alhali rabin nisan yana gaba, kuma a wurina wannan rabin ne ya fi cancantar a yi maka gargaɗi a kansa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina kuma hawa keke a waɗannan duwatsu da bazara. Wanda hawa ya fi ƙarfinsa yakan tsaya ne kawai ya sauka daga kan keke, amma wanda gangara ta fi ƙarfinsa asibiti ake kai shi.

Abu na farko shi ne sanyi. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita dubu da ka hau, kuma tsakanin Saint-Michel da Galibier akwai bambancin mita 1,930, wato digiri 12 zuwa 13. Idan ana digiri 25 a kwari, kana iya tarar da 12 a sama, ga iska, ga rigarka sharkaf da gumi, sannan ka fara gangara da gudu ba ka buga feda. Cikin 'yan mintuna yatsu sukan sandare, kuma da waɗannan yatsun ne za ka matse birki. Don haka kafin ka ɗauki hoto ko ka gaisa da kowa, ka sa rigar da ke tare iska, ka sa safar hannu mai rufe yatsu, ka ci wani abu mai zaƙi. Kada ka dogara da cewa mota za ta kasance a sama lokacin da ka isa, domin tana iya kasancewa a ƙasa tana kula da waɗanda ke baya. Rigar ta kasance a aljihunka tun daga Plan Lachat.

Daga ƙololuwa zuwa Lautaret kilomita takwas da ɗoriya ne. Kilomitar farko tana da tsini ƙwarai da matsattsun kwanoni, a wurare da yawa babu shinge a bakin titi, kuma da bazara hanyar cike take da manyan babura da motocin masu yawon buɗe ido. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, ka tsaya a hannunka na dama, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka, kuma kada ka yi ta jan birki ba saki, gara ka matse da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki. Idan hannunka ya gaji ka tsaya. Wuri mai kyau na tsayawa shi ne bakin ramin motoci ta ɓangaren kudu, inda hasumiyar tunawa da Henri Desgrange take, mutumin da ya jagoranci kafa gasar Tour de France a 1903. Lautaret yana kan mita 2,058, kuma daga can kana fuskantar dutsen La Meije mai mita 3,983. Daga nan zuwa Briançon kusan kilomita 28 ne a kan babban titin da ya taso daga Grenoble, gangara mai sauƙi ta kwarin Guisane, sai dai akwai motoci da yawa, kuma da rana iska takan taso daga ƙasan kwari ta buge ka a fuska, ta yadda za ka ci gaba da aiki a inda ka yi zaton hutu ne. Ka kunna fitilar baya mai walƙiya.

Game da numfashi, a tsayin mita 2,600 nauyin iska ya ragu zuwa kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da ake samu a bakin teku, don haka duk shaƙa ɗaya tana kawo maka iskar oksijin ƙasa da yadda ka saba. Za ka ji haki ya ƙaru, ƙarfin ƙafa ya ragu, kuma haka kowa yake ji, har 'yan gasa. Ciwon tsauni mai tsanani ba kasafai yake kama wanda ya hau ya sauko cikin sa'a guda ya kwana a ƙasa ba, kuma kafin ranar ka riga ka tsallake Col de l'Iseran da ya fi Galibier tsayi, jikinka ya ɗan saba. Tasowa a Maraɗi ba ta rage maka komai a nan. Amma idan ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko ganinka ya rikice, ka tsaya nan take ka kira jagora, lambar gaggawa kuma ita ce 112. Idan kana da asma ko hawan jini ko sikila, ko ma kana ɗauke da ƙwayar halittarta kawai, ka ga likita tun kafin tafiyar, ka kuma sanar da masu shirya ta.

Yawancin waɗanda suke zaton tsayi ne ya kayar da su, yunwa ce da ƙishirwa. Ka fara ci tun a sa'ar farko, kaɗan kaɗan, kowane minti ashirin zuwa talatin, ka sha kimanin gora guda a sa'a, kada ka jira sai ka ji buƙata. Famfunan ƙauyuka galibi ruwansu na sha ne, sai wanda aka rubuta masa "eau non potable", wato ba ruwan sha ba ne. Ka shafa man kariya daga rana duk da baƙar fatarmu, domin hasken can sama ya fi na ƙasa ƙuna. Dalilin da ya sa jagora ke yanke lokacin tsallakewa kuwa shi ne hadarin bazara a Alps ya fi haɗuwa bayan azahar, da tsawa da ƙanƙara, kuma sama da Plan Lachat babu itace babu mafakar kirki.

Ɗan Maraɗi a Lille ya sake rubutawa:

Na gode Yaya, na gode Hajiya, kun buɗe mini ido a kan abubuwan da takardar kamfanin ba ta ambata ba, musamman batun gangara da sanyi. Saura abu uku. Ni kaɗai ne Musulmi a ayarin a iya sanina, don haka ina so in san yadda kuka yi da salla da abinci a irin wannan yini. Na biyu, keken haya zan karɓa daga wurinsu, ban san abin da ya kamata in tambaya a kansa ba. Na uku, idan na ga lokacin da jagora ya yanke zai kuɓuce mini, shin in nace har sai na kai sama, ko in shiga mota?

Abu Hafsat (Chambéry) ya amsa:

Ɗan'uwa, batun salla ya fi yadda kake tsammani sauƙi, saboda tsawon yinin bazara da kuma agogon da ake turawa gaba a Turai. A watan Yuli a wannan yanki rana ba ta karkata sai wajen ƙarfe biyu saura minti ashirin, la'asar tana shiga tsakanin biyar da rabi da shida, magariba kuma sai bayan ƙarfe tara na dare. Idan ka bi lissafin da Baban Hadiza ya yi maka, za ka tsallake Galibier tun azahar ba ta shiga ba, ka isa Briançon wajen uku ko huɗu, ka yi wanka ka yi sallarka a ɗaki cikin lokacinta. Kai matafiyi ne a duk tsawon makon tunda ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, saboda haka kana da ƙasaru, kuma idan yini ya yi tsawo kana da rangwamen haɗa azahar da la'asar. Ka tambayi malamin da kake karatu a wurinsa ya warware maka sharuɗɗan kafin ka tashi. Alƙibla daga nan tana kudu maso gabas. Abin da ya fi wahala shi ne barci, domin isha tana yin dare sosai, asuba kuma tana fitowa wajen ƙarfe huɗu, ga shi jikinka yana buƙatar hutu don hawan gobe. Ka tsara yadda za ka koma barci bayan asuba har zuwa lokacin karin kumallo.

Abinci kuwa sai ka yi magana tun yanzu, a rubuce, kada ka bari sai ka zauna a teburi. Girkin yankin Savoie ya dogara sosai da naman alade: tartiflette dankali ne da cuku da gutsattsarin naman alade, diots kuma tsiran alade ne da akan dafa da giya, ita ma fondue ana zuba mata giya. Abincin rana da motar rakiya ke shimfiɗawa a gefen hanya sau da yawa burodi ne da yankakken naman alade. Masauki a ƙananan garuruwa yakan dafa abu ɗaya ne ga ayari duka, amma idan kamfani ya sanar da su da wuri suna iya shirya maka kifi ko ƙwai ko taliya da kayan lambu. Ka nemi a sa maka cuku da dafaffen ƙwai da kifin gwangwani da ayaba a motar. Ka duba alewoyi masu tauna da ake rabawa, domin da yawansu ana yin su da jelatin na alade. Ni da dabino nake cika aljihuna, yana ba da ƙarfi da sauri kuma ba ya narkewa a rana.

Mai Gyaran Keke (Jos) ya amsa:

Malam, ban je Alps ba, amma gyaran kekunan 'yan tsere sana'ata ce, kuma tudun Jos ya koya mana ƙimar giyar keke. Ka rubuta musu ka tambayi adadin haƙoran faya-fayan da kaca ke hawa, wato ƙaramin faifan gaba da babban faifan baya. Abin da kake so shi ne 34 a gaba da 32 ko 34 a baya. Idan suka ce na baya 28 ne, ka nemi su sauya, domin a tsinin kashi 9 ko 10 bayan sa'o'i huɗu a kan sirdi, bambancin nan shi ne tsakanin juya feda da niƙa ta da gwiwa. Ka tafi da sirdinka da fedarka da takalmanka da ka saba da su, ka auna tsayin sirdin kekenka na gida ka ba su su daidaita. Ka tabbatar wane hannu ne ke riƙe da birkin gaba, domin a Faransa yawanci na hagu ne, a Ingila kuma na dama, kuma bai kamata a kan gangara ne za ka gano ba. Kowace safiya ka duba ragowar takalmin birki da iskar taya, ka sa wa kaca mai, ka riƙe tif da famfo a jikinka ko da akwai mota.

Atisaye kuma, tunda ba ka da dogon tudu, ka nemi abin da ya yi kama da shi, wato aiki mai nauyi wanda ba ya yankewa. Ka fuskanci iska a fili ka yi minti arba'in zuwa sa'a guda ba ka daina juya feda ba, ka kuma yi doguwar tafiya kwana biyu ko uku a jere domin jiki ya san tashi da gajiyar jiya. Idan ka samu dama ka je tsaunukan Ardennes na Beljiyam da ba su da nisa da ku, ka koyi gangara da shan kwana a can.

Baban Hadiza (Lyon) ya sake amsawa:

Hajiya ta yi gaskiya da ta ce na bar ka a sama, kuma duk abin da ta faɗa game da gangarar ka ɗauke shi da muhimmanci. A kan tambayarka ta uku, ra'ayina shi ne ka yanke shawarar a Plan Lachat, ba a tsakiyar kilomita takwas ɗin ba, inda titin ya matse kuma da wuya mota ta samu wurin tsayawa ta ɗora keke. Idan ka isa can kana cikin lokaci, kana iya cin abinci, sama kuma a washe take, ka ci gaba ko da za ka riƙa tsayawa minti ɗaya a kowace alamar kilomita, domin mutane da yawa da haka suka kai. Idan kuwa ka isa a makare, ko cikinka ya ƙi karɓar abinci, ko gajimare ya fara yin duhu a kan ƙololuwa, ko jagora ya ce a shiga mota, to ka shiga ba tare da gardama ba. Shi ne yake da labarin abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren dutsen, kuma jinkirin mutum ɗaya yana tsare motar da sauran jama'a ke jiran rigunansu a cikinta.

Ka tuna kuma cewa Briançon ba ita ce ƙarshen tafiyar ba. Washegari Col d'Izoard yana jiranka da mita 2,360, hawansa yana farawa tun daga bakin garin, kuma a yawancin tsare-tsare Col de Vars yana biye da shi a yini ɗaya. Da ka isa masauki ka ci abinci cikin sa'ar farko, ka wanke kayan hawanka ka shanya, ka ɗaga ƙafafu, sannan idan da sauran ƙarfi ka hau tsohon garin da ke cikin ganuwar da injiniyan sojan Faransa Vauban ya tsara, wadda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2008. Abu na ƙarshe, ka tambayi kamfanin ko ranarku ta yi karo da tseren La Marmotte ko da zuwan Tour de France, domin dukansu sukan bi Télégraphe da Galibier a wannan lokaci na shekara, kuma idan sun zo akan rufe titin na sa'o'i ko dubban mahaya su cika shi, sai a sauya muku lokacin tashi.